Yadda Ake Farautar Barewa da Bindiga a Wiskonsin, Daga Saiti Har Fiɗa

Ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na Amurkawa, a ƙarshen-ƙarshen Nuwamba, ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar Wiskonsin. Kwana 9 ake yi, kuma fiye da mutum rabin miliyan ke yankar lasisi saboda ita. Barewar da ake nema ita ce mai farar wutsiya, wadda namijinta, kishimi, ke fitar da ƙaho mai rassa ya zubar da shi kowace shekara. Babban kishimi kan kai kilo 90 ko fiye, nama ne da zai riƙe gida wata da watanni.

Wanda ya san farauta irin ta gida, ta gayya da karnuka da gangi da gora, sai ya ajiye wannan sanin a gefe. A nan doka ta hana korar barewa da kare. Galibi mutum ɗaya ne da bindigarsa, zaune shiru cikin sanyi, yana jiran harbi guda. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hidima ce ga wannan harbi guda ɗin, don ya faɗa inda ya kamata, dabbar ta mutu da wuri ba tare da azaba ba, naman kuma ya zo gida halal, da tsabta.

Takardu tukuna

Fara da matsayinka a ƙasar. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya mallakar bindigar farauta. Mai bizar karatu ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta mai aiki. Wanda takardunsa ba su cika ba, kada ya ko taɓa ta, domin laifin babba ne.

Sai horon mafarauta. A Wiskonsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau sai ya yi wannan horo kafin ya fita shi kaɗai. Wanda bai yi ba yana iya fita a ƙarƙashin wani mai lasisi, da sharaɗin su kasance dab da juna, inda hannun wannan zai kai ga wancan. Ina ba sabon shiga shawarar ya yi duka biyun: ya yi horon, kuma shekarar farko ya bi wanda ya san dajin. Lasisi ana saye ta shafin Go Wild na hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, wato DNR. Lasisin bindiga yana zuwa da izinin kishimi ɗaya, kuma a dokarsu kishimi shi ne mai ƙahon da ya kai inci 3. Izinin mace daban yake, ya danganta da gundumar da za ka da kuma ko filin na gwamnati ne ko na wani. Karanta littafin dokokin na shekarar da kake ciki, domin ana yi masa gyara.

Fili iri biyu ne. Akwai na jama'a, kamar dazuzzukan gundumomi da dajin tarayya na Chequamegon-Nicolet da ke arewacin jihar. Akwai gonakin mutane, waɗanda ba a shiga sai da izinin mai su. Manoma da yawa barewa na yi musu ɓarnar masara da waken suya, don haka in ka je tun da damina ka yi sallama cikin ladabi, ana dacewa.

Bindiga da saiti

Ba sai ka nemi wata bindiga ta musamman ba. Masu harsashi .308 Winchester, .30-06, .270 ko 6.5 Creedmoor duk suna kayar da barewa. Mai ƙaramin jiki, ko wanda dukan gindin bindiga ke sa shi zabura, .243 ta ishe shi. Harsashin ya zama na farauta, mai buɗewa in ya shiga jiki. Irin na soja mai rufaffen kai doka ta hana shi a wannan farauta, saboda yana ratsawa ya wuce ya bar dabba da rauni. In aljihu zai ɗauka, sayi na jan ƙarfe zalla, domin na darma yana tarwatsewa ƙanana-ƙanana cikin nama, darma kuwa guba ce, musamman ga yara da masu ciki.

Makonni kafin ranar, ka je filin gwajin harbi da irin harsashin da za ka yi farautar da shi, ba wani iri ba. Toshe kunnuwanka. Ɗora bindigar kan buhun yashi, ka fara daga yadi 25 don ka tabbata harsashi yana kan takarda, sannan ka koma yadi 100. Yi harbi uku, ka duba tsakiyar inda suka taru, ka juya maɓallan madubin saiti. A yawancin madubai, kowane ƙas ɗaya yana matsar da harsashi rubu'in inci a yadi 100, ke nan in harbinka ya yi ƙasa da inci 2, ƙas 8 za ka yi sama. Bar bakin bindigar ya huce tsakanin zagaye da zagaye.

Saiti ya zauna, sai ka bar teburin, domin babu tebur a daji. Kafa farantin takarda, ka harbe shi a zaune, da durƙuso, da jingine da sanda. Faɗin farantin kusan shi ne faɗin huhu da zuciyar barewa. Nisan da kake samun farantin kowane harbi, ba sau uku cikin biyar ba, shi ne iyakarka. In yadi 70 ne, to 70 ne. A dajin Wiskonsin mai duhuwa yawancin harbi bai ma kai yadi 100 ba.

Sanin wurin

Barewa tana kiwo da dare a gonaki da ƙarƙashin itatuwan da ake kira oak, inda take tsintar ƙwallayensu, da gari ya waye kuma ta koma makwancinta cikin sarƙaƙiya, ko bakin fadama, ko gefen tudu. Maharbin safe yana zama ne a kan hanyar da ke tsakanin wurin kiwo da makwanci, ya fi kusa da makwancin. Kada ka zauna a bakin gonar kanta da asuba: suna ciki, shigarka za ta kore su.

Je ka zaga wurin da rana, mako biyu ko uku kafin buɗewa. Nemi sawun kofato, da kashinsu ƙanana baƙaƙe, da siririyar hanyar da suka tattake. Za ka ga ƙananan itatuwa da aka kankare musu ɓawo har farin ciki ya fito, aikin ƙahon kishimi ke nan. Za ka ga inda ya share ganye da ƙafa ya bar ƙasa tsirara, ga reshe a sama da ya tauna. Amma abin da ya fi waɗannan duka shi ne matsatsi, wurin da yanayin ƙasa ke tilasta wa dabbobi bi ta ƙofa ɗaya: siririn daji tsakanin gonaki biyu, busasshiyar ƙasa tsakanin tafki da fadama, ko kwarin da ke tsakanin tuddai. Ranar buɗewa daji cike yake da mutane, bareyi suna gudu daga wannan zuwa wancan, kuma ta matsatsi suke bi zuwa inda ya fi duhuwa.

Zaɓi mazauni biyu aƙalla, ɗaya don iskar yamma, ɗaya don wata iskar. Ka lura da gidaje da tituna, domin doka ta hana harbi kusa da su, kuma ka san tun yanzu ɓangaren da ba za ka taɓa juya bakin bindiga ba.

Iska

Nan ne mafi yawan sababbi ke faɗuwa. Idon barewa yana kama motsi, kunnenta yana kama ƙara, amma tana iya ganinka ta yi shakka, ta ji ka ta yi shakka. Hancinta ne ba ya shakka. Da zarar warin mutum ya isa gare ta, magana ta ƙare, sau da yawa ma ba za ka san ta zo ba.

Dokar ita ce iska ta taso daga inda kake sa ran dabbar ta bugi fuskarka, ko ta gitta ta gefe ta tafi da warinka wurin da babu komai. A Nuwamba iskar jihar ta fi tasowa daga yamma da arewa maso yamma, amma duba hasashen yanayi da daddare, da asuba ka sake dubawa. Riƙe 'yar kwalba da toka ko garin hoda marar ƙamshi, ka riƙa busa kaɗan kana kallon inda ta nufa. A wurin tudu akwai wani abu kuma: kafin rana ta fito iska mai sanyi gangarawa take yi zuwa kwari, da ƙasa ta ɗumama sai ta juya ta riƙa hawa. Wanda zai daɗe har hantsi gara ya zauna sama da hanyar dabbobin.

Hanyar shigarka ma lissafi ce. Kada ka tsallaka hanyarsu, kada iska ta kwashi warinka ta kai makwancinsu. Gara ka yi zagayen minti ashirin.

Mu kuma muna da wata matsala tamu: turare. Gidajenmu ba sa rabuwa da turaren wuta da humra da ƙamshin soye-soye, kuma duk wannan yana kama tufafi. Wanke kayan farauta da sabulu marar ƙamshi, ka shanya su a waje, ka ƙulle su a leda ko akwati nesa da ɗaki da kicin. Ranar fita ba turare, ba man shafawa mai ƙamshi, ba taba.

Daren jajibiri

Doka ta ce rabin tufafin da ke sama da ƙugunka, aƙalla, su zama ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙyalli, haka ma hula in ka sa. Kada wannan ya dame ka, idon barewa ba ya rarrabe ruwan lemo yadda namu ke yi, shuɗi ne ma ya fi fito mata. Abin da zan ja kunne a kai shi ne fari. Kada ka fito da farin hankici ko farar hula a daji, domin farin da ke motsi cikin duhuwa shi ne abin da wani maharbin ke ɗauka wutsiyar barewa ce.

Sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. Sa tufafi hawa-hawa, na ulu ko na roba a jikin fata, ban da auduga, don tana riƙe gumi ta daskarar da kai. Babbar rigar ka ɗaure ta a jaka sai ka isa mazauni. Takalmi mai ɗumi wanda bai matse ba, safar ulu, safar hannu, da abin shimfiɗa na zama. A jaka: wuƙa mai kaifi, safar roba, igiya, tocilan goshi, madubin hangen nesa, ƙyalle ruwan lemo na yin alama, leda don hanta da zuciya, ruwa, shayi a fulas, dabino. Cire abinci daga ledar da ke ƙara ka naɗe a tsumma. Cika waya da caji, ka gaya wa mutanen gida takamaiman inda za ka da lokacin dawowarka.

Asuba

A wannan lokaci rana na fitowa wajen ƙarfe 7, doka kuma ta ba da damar harbi daga minti 30 kafin fitowarta. DNR na buga jadawalin mintocin kowace rana da kowane yanki, duba naka. So ake ka zauna daram kamar awa guda kafin lokacin, don daji ya manta da shigarka. Yi alwala a gida. Alfijir yakan keto wajen biyar da rabi, don haka sallar Asuba takan same ka a inda ka ajiye mota ko a mazaunin kanta. A can alƙibla arewa maso gabas take.

Bindiga a mota ba harsashi a cikinta. Rufe ƙofar mota a hankali. Ka kunna tocila yayin tafiya ko da ka san hanya, don wani maharbin ya san mutum ne. Tafi sannu yadda ba za ka yi gumi ba.

In a ƙasa za ka zauna, jingina da itacen da ya fi kafaɗunka faɗi, ka share busassun ganye daga inda ƙafafunka za su taka. In kan dandamalin bisa itace ne, ɗaura abin ɗamarar tsaro tun daga ƙasa har ka sauko, kuma ka jawo bindigar da igiya, ba harsashi, bakinta na kallon ƙasa. Faɗowa daga itace na cikin abubuwan da suka fi raunata mafarauta. Ga sabon shiga, ni ƙasa na fi so.

Ƙa'idoji huɗu ake koyarwa a horo, kuma ba a sassauta ko ɗaya: ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, bakinta kullum ya kalli inda ba kowa, ka tabbatar da abin da kake harbi da abin da ke gabansa da bayansa, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai lokacin harbi. Da lokaci ya yi, sa harsashi a hankali, ka bar makullin kunama a rufe.

Zama

Yanzu sai haƙuri. Haske zai fara shigowa, kututture ya riƙa yi maka kama da dabba. Za ka ji harbe-harbe daga nesa, kada su tayar maka da hankali. Ido ne ke yawo, kai yana binsa a hankali. Kada ka nemi barewa sukutum, da wuya ka gan ta haka. Nemi layin bayanta a kwance cikin itatuwan da ke tsaye, ko kunne da ya motsa, ko farin maƙogwaro, ko ƙafa ɗaya da ta ɗaga. Kurege yana ta kwaramniya ba tsari, barewa kuwa taku biyu ko uku take yi ta tsaya, ta sake yi ta tsaya.

Ka ga motsi, madubin hangen nesa za ka ɗaga. Kada ka taɓa leƙa abin da ba ka tantance ba ta madubin bindiga, domin in mutum ne, ka riga ka auna shi.

Wajen ƙarfe tara sanyi yakan ci ƙarfin mutane su fara tashi suna komawa mota, tashinsu kuwa yana tayar da dabbobi. Wanda ya daure har sha ɗaya sau da yawa shi ke cin moriyar wannan. Motsa yatsun ƙafa cikin takalmi, kurɓi shayi, ka zauna.

Harbin

Ga ta nan ta fito. Mace ce a gaba, tana taku tana tsayawa, kunnuwanta na juyawa ɗaya gaba ɗaya baya, tururi na fita daga hancinta. Kada ka motsa. In izinin kishimi kawai gare ka, duba bayanta, domin a Nuwamba sau da yawa yana biye, kansa a ƙasa. Zuciyarka za ta buga har ka ji ta a kunne, hannu ya ɗau rawa. Kowa haka yake ji. Daina kallon ƙahon, ka mai da ido kan wurin da za ka harba.

Ɗaga bindiga sai lokacin da kanta ya shiga bayan itace ko ta sunkuya. In ta ɗago ta zuba maka ido, ka daskare a yadda kake. In ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta ci gaba, hankalinta ya kwanta. In ta buga ƙafa a ƙasa ta yi huci, ta gane.

Ɗora bindigar kan gwiwa, ko sanda, ko jikin itace. Jira ta ba ka gefe sosai, ko ta ɗan juya maka baya kaɗan. Bi bayan ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jikin daga ƙasa. Nan huhu biyu da saman zuciya suke. In ta ɗan juya baya, auna yadda harsashin zai fita ta kafaɗar can ɓangaren. Ban da kai, ban da wuya: wurin ƙarami ne, kuskuren inci biyu sai ya farfasa muƙamuƙi dabbar ta tafi ta mutu da yunwa. Ban da wadda ta ba ka gindi, ban da mai gudu, ban da wadda ke tsaye a kan tudu sararin sama na bayanta, domin harsashin waɗannan bindigogi yana tafiyar fiye da kilomita 3. Ka duba kuma ko wata na tsaye a bayanta.

In tana tafiya ba ta tsaya ba, yi ɗan kuka "mee" da baki, takan tsaya cak ta duba. Buɗe makulli. Ja numfashi, saki rabi. Ka ce Bismillahi, Allahu Akbar. Matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta, kada ka fizga. Ci gaba da kallo ta madubi, ka sake ɗana wani harsashin nan take.

In damar ba ta yi kyau ba, bar ta ta wuce. Akwai sauran kwana takwas.

Bayan harbi

Wata takan faɗi nan take, amma da yawa sukan ruga ko da harsashi ya ratsa huhu, su faɗi cikin yadi 50 zuwa 100. Kalle ta har ta ɓace, ka saurara. Riƙe abu biyu a ka: inda take tsaye, da itacen da ka gan ta a ƙarshe. Rufe makulli.

In ta faɗi a idonka, je mata ba ɓata lokaci saboda yanka. In ta ɓace, dakata kamar minti 30, sannan ka je inda take tsaye ka karanta jinin. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, tana kusa. Ja mai duhu na hanta ne, ba ta awa huɗu. In ka ga ruwa kore-kore ko ƙasa-ƙasa mai wari da guntayen abinci, tumbi ka samu. Ja da baya shiru, ka ba ta awa takwas ko fiye. Barewar da aka bari takan kwanta kusa ta mutu a nan, wadda aka tasa kuwa sai ta yi nisan da ba za a same ta ba.

Bi jinin ta gefe, kada ka taka shi. Ɗaura ƙyalle a kowane wurin da ka gani, ka duba ganyaye da ciyayi a tsayin gwiwa zuwa ƙugu, ba ƙasa kaɗai ba. In ya yanke, koma alama ta ƙarshe ka riƙa zagaye kana faɗaɗawa, ka leƙa bakin ruwa da sarƙaƙiya. In ta tsallaka gonar wani, sai ka nemi izini kafin ka bi. Ko ba ka ga jini ba, kada ka yanke cewa ka kuskure sai ka bi sawun da nisa. Wanda ya harba, nema ya zama wajibinsa.

Ka same ta, zo mata ta baya, bindiga a shirye. Matacciya idonta a buɗe yake. In a rufe yake, ko haƙarƙari na motsi, da sauran rai. Taɓa idon da dogon kara ka gani.

Ga hukuncin. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa abin da makami ya huda, an kuma ambaci sunan Allah, ana ci. Wanda bugu kawai ya kashe ba a ci, haka wanda aka tarar ya nutse a ruwa, don ba a san me ya kashe shi ba. Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya kashe. In ka tarar ta mutu, bisimillar da ka yi ta wadatar. In ka tarar da rai, yanka za ka yi, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Sai dai kofatonta na tsaga fata, ƙahon kishimi na kisa. In da ƙarfinta, ja baya ka ƙara mata harbi a ƙirji da wata bisimillar, sannan ka matso ta bayan wuya. Dabbar da ta kwana ba a gan ta ba akwai saɓani a kanta, Risala ma ta kawo maganar, don haka ka tambayi malaminka tun kafin ka fita.

Fiɗa

Cire harsashi daga bindiga, ka jingine ta. Sa safar roba. Wanda ya taɓa gyara ragon layya ya san rabin aikin, bambancin shi ne a daji ciki kawai ake fitarwa, fata sai an je gida.

Kwantar da ita rigingine, kai a sama in wurin gangare ne. Zagaye dubura da wuƙa, ka zurfafa har hanjin ya saki. Ɗaga fatar mara ka yi ƙaramin tsagi, sa yatsu biyu ciki suna danne tumbi, kaifin wuƙa na kallon sama a tsakaninsu, ka tsaga har ƙashin ƙirji. Kiyaye mafitsara da tumbi. Yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kana bin haƙarƙari ta kowane gefe. Zura hannu can sama ka kamo maƙogwaro, ka yanke shi a hankali, don a nan ne mutane ke yanke yatsunsu. Ja shi baya, kayan ciki za su biyo gaba ɗaya. Kifa ta jini ya tsiyaye. Ware zuciya da hanta a leda. Kada ka wahalar da kanka neman matsarmama, barewa ba ta da ita. In tumbi ya fashe, yanke wurin da ya ɓaci ka goge da tsumma mai tsabta, ban da ruwan rafi.

Ɗaura igiya a ƙaho ko wuya, ka ja ta kai a gaba, ka yafa mata ƙyalle ruwan lemo. Kada ka kuskura ka saɓa ta a kafaɗa. Jan barewa aiki ne mai nauyi, ka riƙa hutawa, mai ciwon zuciya ko hawan jini ya kira a taya shi. Da ka koma gida duba jikinka, akwai kaska mai sa cutar Lyme.

Dole ne a yi rajistar kowace barewa ta GameReg, tsarin rajista na DNR, a waya ko intanet, kafin ƙarfe 5 na yammacin washegarin ranar da aka same ta.

Saura maganar cutar CWD, mai lalata ƙwaƙwalwar bareyi, wadda aka fara ganowa a jihar a 2002 kuma ta fi yawa a gundumomin kudu maso yamma. Dafuwa ba ta kashe abin da ke haddasa ta. Hukumar lafiya ta CDC ta ba da shawarar kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana da ita, DNR kuma tana yin gwajin kyauta: kai ake kai musu da ɗan wuya. Na san yadda muke son farfesun kai da ɓargo, amma a nan a haƙura. Ƙwaƙwalwa, ido, lakar baya, saifa da kaluluwa duk a zubar a inda hukuma ta tanada. Akwai kuma doka kan fitar da gawar dabba daga gundumomin da cutar take.

In sanyin gareji yana tsakanin digiri 1 da 4 a ma'aunin Celsius, rataye ta kwana uku zuwa biyar, naman zai yi laushi. In ya fi haka ɗumi, feɗe a ranar ka sa a firiji. Zare nama daga ƙashi da wuƙa maimakon sara, ka yanke duk inda harsashi ya bi da faɗi ka zubar. Cire kitsen gaba ɗaya, yana daskarewa a baki kuma shi ke kawo ƙarni. Ƙulla naman kashi-kashi, ka rubuta kwanan wata, ka bar shi a firiza har sakamakon gwaji ya fito. Ka ware wa mai gonar da ya ba ka izini rabonsa.

Dogayen tsokoki biyu da ke bin gadon baya su ne na tsire, a shafa musu mai sosai kuma kada su daɗe a wuta, don naman ba shi da kitse. Cinya ta fi dacewa da kilishi da dambu, amma a tabbata zafi ya ratsa naman ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius. Wuya da ƙwauri kuwa a ba su awa uku a ƙaramar wuta da citta da kanumfari da masoro.